Mutum na uku a hoton kakana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukan ma'aikatanku, ina rubuto muku ne daga unguwar Aboabo da ke birnin Kumasi a ƙasar Gana, inda muke karanta jaridarku ta waya, tun da ta takarda ba ta isowa gare mu. Dalilin wannan wasiƙa shi ne wani tsohon hoto da kuka buga kwanakin baya, lokacin tunawa da waɗanda suka rasu a yaƙe-yaƙen duniya, wanda ake yi ranar 11 ga Nuwamba ta kowace shekara. Hoton na wasu sojoji ne baƙar fata su bakwai suna tsallake rafi, ruwa ya kai musu ƙugu, kowanne da kaya a ka, an kuma rubuta a ƙarƙashinsa cewa sojojin Afirka ta Yamma ne a ƙasar Bama. Ban ga laifinku ba, domin na tabbata yadda kuka samo shi haka kuka buga shi. Amma na daɗe ina duban fuskokin nan, ina tunanin cewa kowane ɗaya daga cikinsu akwai ranar da aka taru aka raɗa masa suna, akwai matar da ta goya shi, akwai kuma garin da aka yi ta jiran dawowarsa, ga shi yau an haɗa su bakwai cikin layi ɗaya na rubutu wanda bai ambaci ko mutum guda ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda mu ma muna da irin wannan hoto a gida. Yana cikin adakar goggona, ƙanwar mahaifina, wadda shekarunta suka kusa 80, an naɗe shi a cikin tsohon ɗankwali tare da takardar sallamar kakana daga soja. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, ya riga ya koma launin ƙasa-ƙasa, gara kuma ta ci kusurwarsa ta hagu. Mutum uku ne a ciki. Ɗaya yana zaune a kan kujera ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran hukunci, kakana yana tsaye a damarsa ya turo ƙirji ya haɗe rai, irin haɗe ran saurayin da bai taɓa tsayawa gaban mai ɗaukar hoto ba, na ukun kuwa dogo ne siriri, ya ɗan karkata kai, ga alama dariya yake dannewa. Idan aka matso da hoton kusa da haske za a ga igiyar laya ta leƙo daga ƙarƙashin hannun rigar kakana, za a kuma ga cewa gajeren wandon kakin dogon nan ya yi masa yawa, har ya naɗe shi a ƙugu. A bayansu an rataya zane mai hoton bene da furanni, irin wanda masu hoto na wancan zamani suke ratayawa don kowa ya fito kamar ɗan gidan sarauta.

Su da kansu suka haɗa kuɗi suka je aka ɗauke su a nan Kumasi, kafin a tafi da su a 1943. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurina. Hoton da kuka buga ma'aikacin rundunar Ingila ne ya ɗauka, don ya nuna wa mutanen Landan cewa yaƙi yana tafiya daidai, mutanen da ke ciki kuwa ba a tambaye su ba. Namu kuwa su suka zaɓi ranar, suka goge kakinsu, suka tsaya yadda suke so a tuna da su idan ba su dawo ba. A bayan hoton kakana ya rubuta sunaye uku da ajami, da tawadar allo. Biyu suna karantuwa har yau. Na ukun ruwa ya taɓa shi, tawadar ta watse, ba abin da ya rage sai harafin mim na farko.

Na tambayi goggo sunan mutumin. Ta ce, “Ɗana, mu Dogo muka san shi, Baba bai taɓa kiransa da wani suna ba a gabanmu.” Abin da ta sani shi ne ba Bahaushe ba ne, daga arewa ya zo neman aikin koko, aka ɗauke shi soja, ya koyi Hausa a bariki. Ba ya cikin masu riƙe bindiga, yana cikin masu ɗaukar kaya ne. Wannan ya yi daidai da abin da tarihi ya tabbatar game da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙasar Bama a farkon 1944: daji ne mai duwatsu da mota ba ta shiga, don haka abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su da laima, sai dubban mutane su naɗa gammo su ɗauka a ka, mafi yawansu kuma ba su da makami sai adda. A can Dogo ya kwanta da ciwon ciki, ya rasu ba tare da harsashin Japan ya taɓa shi ba, kakana yana cikin waɗanda suka haƙa masa kabari a gindin wata gora. Goggo ta ce tun da ta yi wayo har Allah ya karɓi ran mahaifinta, duk daren Jumma'a sai ya sa an toya masa an raba wa yara sadaka, in aka tambaye shi ta wane ne, sai ya ce ta abokin tafiya ce. In kuwa aka matsa masa ya ba da labarin yaƙin Bama, sai ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, ya tashi ya ɗauki butarsa.

Duk wannan babu shi a cikin hoton. Da goggo ta riga mu gidan gaskiya ban tambaye ta ba, da abin da zai rage a hannuna samari uku ne cikin kaki a gaban zanen bene, kuma jikokina za su iya ɗauka cewa hoton murna ne.

Malam Edita, rashin suna a hotunan sojojinmu tsohuwar cuta ce, kuma mu Hausawan Gana muna da alaƙa da ita fiye da kowa, domin da sunanmu aka rufe sunayen wasu. Tun daga shekarun 1860 wani hafsan Ingila mai suna John Glover ya tara dakaru a Ikko waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover, da yawansu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Da su ya zo yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga irin waɗannan dakaru aka kafa rundunar tsaro ta wannan ƙasa a 1879, wadda ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901, da mazauninta a nan Kumasi. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, har taken rundunar ma da Hausa yake, wato Kullum Shiri. Saboda haka duk wanda ya sa jar dara da kaki, a idon Bature da mutanen kudu Bahaushe ne, ko da kuwa daga ƙasar Dagomba ya fito, ko Moshi, ko ƙasar Gurunsi wadda hare-haren Zabarmawa irin su Babatu suka tarwatsa a ƙarshen ƙarni na 19. Akawun da ke ɗaukar sababbin sojoji ba ya wahalar da kansa da sunan uba; sai ya rubuta sunan yanka, ya liƙa masa sunan ƙabila, shi ya sa rajistar soja ta cika da masu amsa Grunshi da Moshi da Kanjarga da Frafra da Fulani da Bazabarimi. Ko mutumin da masana tarihi suke cewa shi ne sojan farko a ɓangaren Ingila da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, da sunan Alhaji Grunshi aka san shi. Shi ya yi sa'a, domin ya kai muƙamin samanja, ya sami lambar yabo a yaƙin Afirka ta Gabas, an kuma ɗauki hotonsa shi kaɗai da sunansa. Dubban da suka yi tafiyar tare da shi, in sun fito a hoto, sahu ne na mutane ba takalmi a bayan hafsoshi Turawa da ke zaune a kan kujeru, kowane Bature da sunansa da muƙaminsa a ƙarƙashi.

Kada wani ya ce zargi ne kawai irin na ɗan mulkin mallaka mai jin haushi. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da na ƙasashen da ta mallaka ta fitar da rahoton bincike a kan kanta, inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko allon tunawa ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Ministan tsaron Ingila na lokacin ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. Wanda ba a ga ya cancanci a sassaƙa sunansa a kan kabarinsa ba, ina za a tuna da rubuta shi a bayan hoto?

Abin mamaki shi ne wuraren da suka mutu ba a manta da su ba. Barikin sojan da ke nan Kumasi sunansa Uaddara, wani wuri ne a ƙasar Habasha inda sojojin wannan ƙasa suka gwabza da Italiya a 1941. Na Tamale sunansa Kamina, garin da Jamusawa suka kafa babbar tashar wayar iska a Togo, wadda suka rushe da hannunsu kafin su miƙa wuya ranar 26 ga Agusta 1914. Na wajen Takoradi sunansa Myohaung, garin da rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka kama a Janairun 1945. Babban barikin Ankara kuwa, wato Akra, sunan ƙasar Bama ɗungurungum aka ba shi. Kullum kwandastan mota yana kiran waɗannan sunaye a tasha, fasinja suna shiga suna sauka, amma da wuya a sami mutum ɗaya a motar da zai iya ambaton sunan soja guda da ya kwanta a can.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoye cibi. Akwai wani gefen maganar da mu mutanen zango ba mu cika son taɓawa ba, kuma wani yaro ne ya tilasta mini na dube shi. Lokacin da nake koyarwa, na taɓa kai ɗalibaina tsohuwar ganuwar Kumasi da ke Adum, wadda Turawa suka gina a 1897, yanzu kuma ta zama gidan tarihin sojoji, inda aka ajiye bindigogi da igwa da lambobin yabo da hotuna masu yawa. Mun tsaya gaban wani hoto na sojoji masu jar dara, ina ta yi wa yara bayani cikin alfahari cewa waɗannan kakanninmu ne. Sai wani yaro, wanda uwarsa Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar Asante, ubansa kuma ɗan zango, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, to su wa suke harbi?” Na yi shiru na ɗan lokaci, domin amsar ita ce kakanninsa na wajen uwa. A Fabrairun 1874 dakarun Janar Wolseley suka shiga wannan gari suka kwashe dukiyar fada suka cinna masa wuta. A 1896 aka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya aka fitar da shi daga ƙasarsa, bai dawo ba sai 1924. A 1900, bayan Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ta sarautar Asante ya hau, Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranci yaƙin da aka yi wa wannan ganuwa ƙawanya na watanni, kuma waɗanda suka tsare ganuwar da waɗanda suka zo suka fasa ƙawanyar, mafi yawansu baƙar fata ne da ake kira Hausawa. An kai Yaa Asantewaa tsibirin Seychelles, a can ta rasu a 1921.

Na'urar ɗaukar hoto a wancan lokaci tana hannun wanda ya ci yaƙi ne, saboda haka ƙauyukan Tonawa da aka ƙona, da matan da suka kwana a daji da goyo, da mazan da suka mutu a bayan shingayen itace da suka gina a kan hanyoyin shiga gari, kusan duk ba su shiga hoto ba. Mu aƙalla muna da fuska ba suna. Su ba fuskar ba sunan. Ban faɗi haka don in ɗora wa kakanninmu laifi ba, domin mutumin da ya tsere daga bauta ya sami wanda zai ba shi abinci da sule a aljihu, ban isa in yi masa hisabi daga kan kujerata ba. Na faɗa ne don duk wanda zai ɗaga hoton kakansa soja a garin nan ya san cewa a ƙasar mutane yake ɗaga shi, mutanen da suka ba mu wurin zama, muka auri 'ya'yansu suka auri namu. A 2024, shekara 150 bayan ƙona garin, an kawo kayayyakin zinariya da azurfa 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan aka baje su a gidan tarihin Manhyia, fadar Sarkin Asante, a matsayin aro. Na je na gani. Kowane abu da lambarsa da bayanin inda aka ɗauke shi da shekarar da ya shiga hannun wane. Ashe Bature ya iya adana bayani ƙwarai idan abin zinariya ne.

Amfanin suna a jikin hoton yaƙi ya fi fitowa fili idan aka dubi hotunan da duniya ta sani. Ranar 8 ga Yuni 1972 aka ɗauki hoton wata yarinya 'yar shekara 9 a ƙauyen Trang Bang na ƙasar Biyetnam, tana gudu a kan titi tana kuka bayan bam mai ƙona fata ya cinye tufafinta. Saboda an san sunanta, Kim Phuc, labarinta bai tsaya a kan titin nan ba: an san ta yi fiye da shekara guda a asibiti, an san ta girma ta yi aure ta haihu, ta koma Kanada da zama, ta kuma tsaya da bakinta ta faɗi yadda ta ji game da hoton da ya nuna tsiraicinta ga duniya. Ku kwatanta wannan da hotunan yaran Biyafara masu kumburarren ciki da suka cika jaridun Turai tsakanin 1967 da 1970, yaƙin da aka yi ƙoƙarin hana shi a nan ƙasarmu, a taron Aburi na Janairun 1967. Hotunan sun jawo taimakon abinci, ban musa ba, amma yaran da ke ciki sun zama alamar yunwa kurum, mai kallo ba shi da hanyar sanin wanda ya rayu da wanda ya mutu.

A nan gida ma muna da shaida. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi jerin gwano a Ankara don kai kukansu ga gwamna a fadarsa ta Osu, a kan alkawuran fansho da aikin yi da ba a cika musu ba. A mararrabar hanya wani hafsan 'yan sanda Bature mai suna Imray ya karɓi bindiga ya harbe mutum uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta kai ga kama shugabannin siyasa shida, ciki har da Kwame Nkrumah, da kafa kwamitin bincike na Watson, kuma shekara 9 bayan haka ƙasar ta sami 'yancin kai. Waɗannan sunaye uku duk ɗan makaranta a Gana ya haddace su, ana kai furanni wurin da suka faɗi kowace shekara. Fiye da mutum 60,000 ne suka shiga soja daga wannan ƙasa a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ukun nan ne suka zama mutane a zukatan jama'a, domin su ne ake kira da suna. Kakana yana cikin sauran. Ya dawo a 1946 da lambobi biyu da tari mai tsanani, ya ƙare rayuwarsa yana gadin wani kanti da dare.

Yau kuwa mun koma wani hali da ya fi na Turawan da nake zargi muni. Kowa yana da na'urar hoto a aljihu, kuma da zarar an kai hari a wani ƙauye na Najeriya ko Burkina Faso ko Sudan, kafin a yi wa mamatan wanka hotunan gawarwakinsu sun iso wayoyinmu ta WhatsApp, ba suna, ba gari, wani lokaci ma hoton wata ƙasa ne aka liƙa wa sunan wata. Mu da addininmu ya umarce mu da suturta mamaci, mu ne masu tura tsiraicinsa daga zaure zuwa zaure, muna rubuta addu'a a ƙarƙashi kamar hakan zai wanke mu. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a unguwarmu ta sami labarin rasuwar ƙaninta ta haka, a tsakiyar kasuwa, a wayar wani da bai san ta san mutumin ba. Na roƙi jaridarku ta ci gaba da kauce wa irin waɗannan hotuna kamar yadda na ga tana yi.

Tsofaffin hotunan kuwa ƙarewa suke yi a gidajenmu. Da yawa sun tafi a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, aka ɗaure adakoki cikin gaggawa, rabin dangi suka nufi Kano da Sakkwato da Yamai, rabi suka zauna, har yau kuma wani yana riƙe da hoton, wani can yana riƙe da labarin. Wasu ambaliyar damina ta ci su, wadda mu mutanen Aboabo mun san ta sarai. Wasu kuma masu gida ne suka ƙona su da hannunsu bayan sun ji wa'azi a kan hukuncin ajiye hoto. Wannan mas'ala ta malamai ce, ba ni da ilmin da zan sa baki a cikinta. Abin da kawai zan roƙa shi ne wanda ya yanke shawarar rabuwa da hoto, ya fara zaunar da tsoho ko tsohuwar gidan ya rubuta sunayen waɗanda ke ciki da garuruwansu a takarda, domin ban taɓa jin malamin da ya hana rubuta sunan kaka ba.

Ga roƙona gare ku. Ku ware ɗan fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda masu karatu za su aiko da hotunan iyaye da kakanninsu da suka yi soja ko suka yi dako a yaƙe-yaƙen nan, da sharaɗin cewa ba za a buga hoto ba sai da suna da gari da abin da dangi suka sani, kuma da yardar manyan gidan. Mai aikowa ya shimfiɗa hoton a inuwa da rana, ya ɗauki gabansa da bayansa da waya, domin sau da yawa bayan ya fi gaban amfani; kada ya bi fuskar da biro, kada kuma ya kai a manne shi cikin leda da zafi, gama hakan yana lalata shi. In akwai takardar sallama, lambar sojan tana jiki, a haɗa da ita. Jaridarku ce ta fi dacewa da wannan aiki, domin rundunonin da suka je Bama sun haɗa mutanen Najeriya da na Gana da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce ta haɗa da yawansu a can, ita ce kuma ta haɗa jikokinsu a shafinku yau.

Jarida ta taɓa yin irin wannan aiki ta ci nasara. A 1863, bayan gwabzawar Gettysburg a yaƙin basasar Amurka, an tsinci gawar wani soja ba wata shaida a jikinsa sai hoton yara uku da ya riƙe a hannu. Jaridun lokacin ba su da fasahar buga hoto, sai suka siffanta shi da kalmomi: shekarun yaran, da tufafinsu, da yadda suka zauna. Wata mata a wani ƙaramin gari na jihar New York ta karanta, ta gane hoton da ta aika wa mijinta ne, ta haka aka san cewa mamacin Saje Amos Humiston ne.

Ni ma da siffantawa zan fara, domin goggo ta ce ba za a ɗauki hoton mahaifinta a watsa ba sai ta yi shawara da yayanta da ke Tamale, kuma ban isa in tsallake maganarta ba. Wanda muke nema dogo ne siriri, mai tsaga uku-uku a kowane kunci da wata guda da ta gangaro daga karan hanci zuwa kuncin hagu, yana da wushirya, shekarunsa ba za su wuce 20 ba a 1943. Ya yi aikin gonar koko kafin ya shiga soja a Kumasi, ya tafi Bama cikin masu ɗaukar kaya, bai dawo ba. Sunansa yana farawa da harafin mim, ko Musa ne, ko Mahama, ko Mumuni, ko Mamman. Idan akwai gidan da aka taɓa jiran irin wannan saurayi har aka gaji, su rubuto ta hannunku, mu gaya musu inda aka binne shi da wanda ya yi masa salla.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Aboabo, Kumasi.